Akwatin Katako da Ragon Bayan Sallah: Yadda Wani Tela a Kano Ya Yi Tanadin Haihuwa

Ƙanena tela ne. Shagonsa na bakin titi a wata unguwa ta cikin birnin Kano: keken ɗinki, dutsen guga, sai yaro ɗaya mai koyon aiki. Ba albashi, ba gona. Samunsa na bin kalandar Sallah, ya cika ya batse a azumi, ya tsuke da damina. Matarsa tana suyar awara a ƙofar gida da yamma. Na nemi izininsu kafin in rubuta wannan, suka ce in rubuta amma kada in kama suna. Dalilin da ya sa na san lissafinsu har ƙwandala shi ne a ɗakina aka ajiye kuɗin.

Sai an koma haihuwarsu ta fari a farkon 2022 kafin a gane abin da ya sa suka yi abin da suka yi. Kamar yadda aka saba, ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, a can ta haihu, a can ta yi wanka. Shi kuwa ya ɗauka tunda tana gidansu nauyi ya ragu. Ina! Ranar da aka ce ta sauka, a ranar lissafi ya fara: itacen wanka, ƙauri, rago, kayan fitar suna har da jaka da takalmi, goro da alawa, rumfa da kujeru, shinkafar 'yan yinin suna. Duk cikin kwana bakwai. Ba shi da abin da ya ajiye sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya ci bashi a wuri uku, ya sayar da kekensa na biyu, wanda shi ne mai saurin aiki. Suna ya yi kyau, kowa ya faɗa. Bashin kuwa sai da ya kai shi har bayan Babbar Sallah, keken kuma bai mayar da shi ba sai bayan shekara guda.

Abin da ya fi tsaya masa a rai wani abu ne daban. Daren da take naƙuda jini ya ɗan ɓalle mata, aka ce a nemo mai ba da jini ko a tanadi kuɗinsa. Allah ya taƙaita, ba a kai ga ƙarin ba. Amma ya ce min a tsaye yake a barandar asibitin yana lalube aljihu, abin da ke jikinsa ko kuɗin gwaji bai kai ba.

Maganar da ba a saba yi ba

A tsakiyar Fabrairun 2024 ya zo gidana bayan isha'i, ya zauna yana ta kewaye-kewaye. Sai da na ce, "Kai, in magana ce da kai ka yi, gobe ina da aiki," sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, mutuniyarki ce ba ta jin daɗi kwana biyu." Na gane. Na ce Allah ya raba lafiya.

A nan matsalar tanadin haihuwa take farawa a wurinmu. Ciki abin kunya ne a faɗa, balle a zauna ana masa lissafi. Akwai masu ganin sayen kayan jariri tun bai zo ba azarɓaɓi ne, kamar ana riga Allah. Ga kuma kalmar da kowa ke rufe zance da ita: kowane yaro da arzikinsa yake zuwa. Gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai na sha ganin arzikin ya iso a sifar bashin da uba zai yi wata shida yana biya. Haihuwa kuwa, cikin dukan hidimomin gida, ita ce ta fi kowace adalci: tana ba ka sanarwar wata bakwai ko takwas. Rashin lafiya ba ta yi, rasuwa ba ta yi. Mu ne muke ƙin karɓar sanarwar, sai ranar tafiya mu hau fafe gora.

Lokacin ma ba na wasa ba ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan Yuni, komai ya tashi. Fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ya haura 600. Abin da ya yi suna da shi a 2022, a 2024 ko rabin hanya ba zai kai shi ba.

Muka ɗauko takarda. Na sa ya raba hidimar gida uku. Na farko abin da aka san tabbas za a buƙata kuma ba ya lalacewa in an ajiye: hatsi, itace, rago. Na biyu abin da ba a san ko za a buƙata ba, amma in ya zo ba ya jira: tiyata, jini, kwanciyar asibiti, mota cikin dare. Na uku abin da ake yi don idon mutane. Shawarar da muka tsaya a kai ita ce, na farko a mayar da kuɗinsa kaya tun da wuri kafin tsada ta cinye shi. Na biyu a tara masa tsabar kuɗi da ba mai taɓawa. Na uku ya jira abin da ya rage. Yawancin magidanta daga na ukun suke farawa, domin shi ne wanda za a tambaye su a kai.

Akwatin

Ya so ya riƙa tarawa a asusunsa na waya. Na ce a'a. Kuɗin da ke cikin waya kuɗin kowa ne: aboki ya kira ya ce yana asibiti, ka tura, data ta ƙare, ka saya, mai shago ya ce ba canji, ka tura. Ba ka jin fitarsu. Sai ya sa wani kafinta maƙwabcinsa ya haɗa masa ɗan akwati na katako, aka buge shi da ƙusa ta kowane gefe, aka bar 'yar tsaga a sama daidai shigar takarda ninke. Ya kawo min na tura shi ƙarƙashin gado bayan akwatunan lefena.

Ƙa'idar naira 1,000 ce duk ranar da ya buɗe shago. Yaron shagon ke kawowa da magariba a cikin takardar awon ɗinki, ya miƙo ya ce, "Wai ga saƙon Oga." Ni kuma in rubuta a bayan kalanda. Da aka yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, lokacin da tela ke jin kansa mutum, ya zo da 60,000 a dunƙule. Mun fi minti ashirin muna cusa su ɗaya-ɗaya ta tsagar nan, yana cewa da ya sani ya sa an faɗaɗa ta. Na ce ƙarancinta shi ne amfaninta. Matarsa ma takan aiko da 500 daga ribar awara in ta samu, ba tare da ya sani ba.

Hajiyarmu da ta ji labari sai ta tuna mana wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, ta ce kada mu wayi gari takardun sun mutu a cikin katako. Tsoronta yana da tushe, ko da yake tun Nuwamban 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffi da sababbin takardun su ci gaba da aiki tare. Hasarar da ta fi wannan tabbata ita ce ta tsada. A watan Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin 100 a shekara. Ke nan dubun da aka jefa a Fabrairu ba ita ce za a ciro a Satumba ba. Mun san da haka, muka yarda da shi. Kuɗin gaggawa aikinsa ya kasance a hannu ƙarfe biyun dare, ba haihuwa ake so ya yi ba.

Gero, itace da rago

Da a ce ciki yana neman shawara, da an sayi hatsi tun kaka. To, kaka ta wuce. Farkon azumi, cikin Maris, ya shiga Dawanau tare da wani abokinsa suka raba buhun gero biyu. Ya ji tsada a ranar, amma da Yuli ta kama, wanda ke awo da kwano ya san bambanci. Matarsa ta zuba shi a jarkoki busassu ta toshe bakinsu saboda ƙwari. Wannan geron shi aka yi kunun jego da shi, dusarsa kuma ta tafi wurin rago.

Itace ya saya cikin Afrilu, kafin ruwa ya sauka, ya jera a zaure ya rufe da tsohuwar leda. Lissafinsu ya nuna haihuwar za ta faɗo ƙarshen Satumba, lokacin da busasshen itace ke wuya, ɗanye kuma hayaƙi kawai yake yi. Ƙaramin abu ne, amma duk wanda ya taɓa dafa ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in ya san itace ba ƙaramin kashi yake ci ba.

Rago shi ne inda aka fi yin dabara, kuma inda dabarar ta ɗan goce. Telolin layinsu sun kafa adashe bayan Ƙaramar Sallah: mutum 20, zubin 5,000 duk mako, kwasa 100,000. Ƙanena ya roƙi a ba shi kwasa ta goma, domin ta faɗo a makon da ke bin Babbar Sallah, wadda aka yi ranar 16 ga Yuni. Hikimarsa ita ce, fataken da suka yi kwantai sukan karya farashi don kada su sake biyan kuɗin mota da na ciyarwa su koma da dabba ƙauye. Abin da bai lissafa ba shi ne, a makon nan aljihun kowa a bushe yake. Mutum shida ba su zuba ba. Uban adashe ya miƙa masa 70,000 ya ce ya yi haƙuri da sauran. Da wannan ya je kasuwa kwana uku bayan Sallah, ya cika da ɗan abin da ke hannunsa, ya samo wani matsakaicin rago fari mai baƙin wuya, ramamme amma lafiyayye, wanda shekarunsa sun isa yanka. Ragowar 30,000 ɗin sai da aka yi mako uku tana shigowa gutsi-gutsi, ta narke a cefane.

In za a bi ta alƙalami, ribar ragon ba ta kai yadda ake zato ba. Wata uku ya yi a ɗaure a tsakar gida. Sa'ar da aka yi damina ce, ciyawa na da araha, ga dusar gero, ga dusar waken suya da ake tacewa daga awara, wadda da zubar da rabinta ake yi. Duk da haka an sayi harawa, an kira mai allurar dabbobi sau ɗaya da ya yi zawo, ga sharar kashi kullum a kan mace mai tsohon ciki. Da ya mutu kuma, shi ke nan. Amfaninsa na gaskiya, a ganina, irin na akwatin nan ne: ba a yankar dubu biyu daga jikin rago a yi cefane.

Wani abu kuma game da adashe da mutane ke mantawa: ranar da ka kwasa, daga ranar ka tashi daga mai tarawa ka koma mai biyan bashi. Ƙanena ya kwasa a mako na goma, saura goma a kansa, kuma suka faɗo daidai watannin da ɗinki ke mutuwa.

Awo da kayan jariri

A cikinta na fari sai da ya kai wata shida ta fara zuwa awo. Wannan karon ta yanki kati tun yana wata uku, a ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa, inda take zuwa da ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Ita ta samu zuwa bakwai. Na sa awo a cikin lissafin tanadi da gangan. A can aka ba ta maganin ƙarin jini, da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da allurar tetanus. A can aka gano jininta ya ɗan hau a wata na bakwai, aka riƙa bibiyarsa. Hawan jinin da aka kama a layin awo da wanda aka kama bayan mace ta fara jijjiga, tsakanin kuɗinsu akwai tafiya mai nisa, balle tsakanin hatsarinsu. Ma'aikatan gwamnatin Kano suna da tsarin taimakekeniyar lafiya na KSCHMA da ake cira daga albashinsu. Tela ba mai cire masa komai, sai ya cire wa kansa.

Nas ta ba ta jerin kayan haihuwa tun da wuri: safar hannu, audugar mata, ledar shimfiɗa, sabulu, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, da man cibiya na asibiti. Ta riƙa sayen ɗaya-ɗaya duk ranar da awara ta yi kasuwa, tana zubawa a wata jaka da ta rataye a bayan ƙofa. An kuma duba rukunin jininta, aka yi magana da ƙannenmu maza biyu su zauna cikin shiri ko da za a nema.

Kayan sawa kuwa ba a sayi kusan komai ba. Na yarinyarsu ta fari suna nan a akwati: riguna, huluna, safa, shawul, tawul. Bahon wanka na nan. Ta ƙaro 'yan wanduna daga gwanjon Ƙofar Wambai, shi kuma ya ɗinka zannuwan goyo da majanyi daga ragowar yadin shago. Suka yi niyyar amfani da nafkin na wanki a gida, famfas sai in za a fita. Na yaba musu sosai a kan wannan. Na buɗe akwatin da hannuna na ji ƙamshin kafur ya bugo ni, har na ce, "Kai, kin iya ajiya, ko kyankyaso ɗaya bai shiga ba." Za a dawo kan wannan kafur ɗin.

Yuli da Agusta

Watannin nan biyu su ne suka gwada tsarin. Ba ɗinkin Sallah, ba na biki sosai, ga zubin adashe duk mako. Kalandata ta fara nuna gibi: kwana uku ba saƙon Oga, kwana biyar ba saƙon Oga. Ranar 1 ga Agusta aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, abin ya rikice a Kano har aka sa dokar hana fita. Shago ya yi kwanaki a rufe.

Cikin kwanakin nan ya zo ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Yaya, a fasa akwatin nan in ɗauki ashirin, in aka buɗe gari zan mayar." Na ce, "Wallahi ba za a fasa ba. In abinci ne babu, ga shinkafa kwano biyu ka ɗauka." Ya tafi ransa a ɓace, bai ɗauki shinkafar ba, sai da na aika masa da ita. Mun yi mako ba mu yi wata doguwar magana ba. Ban ji daɗi ba, amma don ranar irin wannan aka kawo akwatin gidana. Da a ɗakinsa yake, da tuni guduma ta hau kansa.

Dokar hana fitar ta tuna musu wani abu da ba su sa a lissafi ba: wa zai kai ta asibiti in abin ya tashi cikin dare? Ya je ya sami wani maƙwabcinsu dattijo mai mota, ya ce, "Baba, iyali sun yi nauyi, ina neman alfarma in ta kama." Dattijon ya ce ko ƙarfe nawa ne a buga masa ƙofa. Ƙanena ya ba shi kuɗin lita biyar don kada a tarar da tanki a bushe. Farkon Satumba fetur ya sake tashi ya haura 850 a gidajen man NNPC, ya je zai ƙara masa, dattijon ya ƙi karɓa.

A wannan tsakanin ne kuma rigimar suna ta taso. Gwaggonmu ta aiko a fitar da anko. Da ta ji ba anko, ba rumfa, ba mai kiɗa, sai ta zo da kanta. "Yanzu kai ɗan gidan nan guda za ka yi suna kamar na marayu? Me za a ce da mu?" Ƙanena ya yi shiru, don ba a mayar wa gwaggo magana. Hajiyarmu ce ta tare, ta ce, "Waɗanda suka ci shinkafar wancan sunan, wa ya zo ya taya shi biyan bashi?" Ƙanena kuma ya tambayi malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, ya tabbatar masa da abin da ke littattafan Malikiyya: dabba ɗaya ce ranar bakwai, namiji ne ko mace, ga wanda ya samu iko, a ci a yi sadaka, mayar da ita walimar da ake tara jama'a ma ba abin so ba ne a mazhabar. Wannan ya kwantar masa da hankali. Gwaggo dai bai kwantar mata ba.

Haihuwa, da abin da ya biyo baya

Ta sauka cikin makon ƙarshe na Satumba, da asuba, da kanta, namiji. Motar dattijo ce ta kai su. A daren na sa almakashi da guduma na ɓalle akwatin a tsakar ɗaki, na zazzage a kan tabarma. Takardu duk sun nannaɗe, wasu sun yi laushi saboda damina. Na ƙirga sau biyu: 218,500. A ciki 60,000 na Sallah ne, 137,000 zubinsa na kullum, wanda da bai yi fashi ba da ya haura 180,000, sai 21,500 na mai awara. Da na faɗa masa na ƙarshen nan sai ya kalle ni ya kasa cewa komai.

Haihuwar kanta ba ta ci fiye da 28,000 ba, har da magunguna da ɗan ihsanin masu shara. Aka sallame su a ranar. Har ya fara cewa ashe da an san haka da an kama rumfa.

Kwana uku da haihuwa na je da safe, na tarar ana masa wanka a bakin ƙofa inda haske yake. Na ga farin idonsa ya koma kalar ruwan ƙwai. Na danna goshinsa da yatsa na ɗaga, wurin ya fito rawaya. Uwar ta ce tun dare ba ya kama nono sosai, barci kawai yake. Wata maƙwabciya ta ce shawara ce, a shanya shi a hantsi a jiƙa masa magani. Na ce a ɗauko mayafi. Inda na san amfanin kuɗin hannu ke nan: ba wanda ya tsaya cewa bari a ga zuwa gobe. Jiran goben nan, sau da yawa ba ra'ayi ba ne, rashin kuɗin mota da na gwaji ne ake sa wa rigar haƙuri.

Ƙaramin asibitin ya tura mu babba. Aka ɗebi jini, aka ce ta yi yawa, a kwantar da shi. Aka tuɓe shi daga shi sai nafkin, aka rufe masa ido da ƙyalle, aka sa shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske. Likitar da ta duba shi ta ɗauki hularsa ta shinshina, ta ce, "Hajiya, a cikin kafur kuka ajiye kayan nan?" Jikina ya yi sanyi. Ta yi mana bayani cewa akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a ƙwayoyin jininsu, wanda likitoci ke kira G6PD, ya fi yawa ga maza, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Irin waɗannan yara, kafur ɗin da ake sa wa tufafi yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini, shawara ta yi tsanani, in aka yi sakaci ta taɓa ƙwaƙwalwa. Gwaji ya nuna yana da shi. Ba ta ce kafur ɗin ne kaɗai sanadi ba, amma ta ce a raba shi da duk abin da ya taɓa shiga akwatin nan.

Ga shi dai dabarar da na fi yabawa ita ce ta zo da ƙura. Laifin ba na tsofaffin kaya ba ne. Yayarsa ta sa su lafiya ƙalau. Na kafur ne, da kuma mu da muka ga kayan a wanke suke, muka sa masa ba tare da an sake wankewa an shanya ba. A ranar ƙanena ya koma shago ya ɗinka 'yan riguna huɗu da sabon yadi mai laushi.

Kwana uku suka yi. Gado, gwaje-gwaje, magani, abincin mai jinya da zirga-zirga suka tashi 104,000. An sallame su da yammacin jajibirin suna.

Suna da lissafin ƙarshe

Da safe bayan an fito masallaci aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya yi addu'a aka raɗa suna, aka raba goro da dabino da alawa. Ragon nan da ya zo ramamme sai da mutum biyu suka kayar da shi. Wanzami ya yi aski. Da ya ɗauko zancen cire beli uban ya ce a bar shi, yaron da ya kwana uku ana tattalin jininsa ba za a sa masa ƙarfe a maƙogwaro ba. Da rana mata suka zo, dangi da maƙwabta, aka ci tuwo da miyar taushe. Mai jego ta fito da atamfa ɗaya sabuwa da mijinta ya ɗinka mata da hannunsa. Duka hidimar ranar, da kuɗin mahauci da na wanzami da ɗan naman ƙauri da aka yi a makare, ta ci 41,000. Saura 45,500.

An samu kayan barka: sabulai, omo, turamen atamfa uku, da kuɗi a hannu. Ban sa su a lissafin samu ba. Yawancinsu biki ne, ita ma ta kai wa wasu a baya, waɗanda ba ta kai wa ba kuma za ta mayar in tasu ta taso, sau da yawa da ƙari. Ta rubuta sunan kowa da abin da ya kawo a bayan katin awonta.

Wanka a ɗakinta ta yi, mahaifiyarta ta zo ta zauna da ita. Saboda hawan jinin nan an gargaɗe ta a asibiti kan tafasasshen ruwa da kunun kanwa. Ba sabon gargaɗi ba ne: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kanwa da zafin da ake ɗora wa jiki. Tsohuwa ba ta so ba, ta ce su da aka yi wa ga su nan da ransu. Aka dai daidaita a kan ruwa mai ɗumi da ganyen darbejiya, kunu kuma na tsamiya da na gyaɗa. Itacen da aka saya don kwana arba'in ya kai su har cikin sanyi. Yaro nono kawai yake sha, ba a sayi madarar gwangwani ko ɗaya ba, rigakafinsa kuma kyauta ne a asibitin unguwa.

Ragowar 45,500 ɗin ya so ya kai su kafin alƙalamin wani keke. Na ce ya bari a yi arba'in. Ƙarshen Oktoba wutar lantarki ta ɗauke a yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda, fetur kuma ya riga ya haura 1,000, janareto ya gagari ƙaramin tela. Ya koma taka keke da ƙafa da gugar gawayi, aiki ya ragu da fiye da rabi. Kuɗin nan su suka riƙe gidan har wuta ta dawo. A watan Nuwamba Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Ƙanena ya ji a rediyo yana guga, ya ce Allah ya sa a haɗa da fitilar shawara.

Gwaggo ba ta zo suna ba, sai ranar arba'in ta leƙo, ta ɗauki yaro ta juya shi ta ce ya yi kama da kakansa, ta ajiye sabulu biyu. Har yau in an yi suna a dangi takan ce, "Wannan dai an yi na mutane."

Akwatin yana nan. Na ajiye ɓallayen a bayan ƙofa da niyyar a hura wuta da su, sai ga matarsa ta aiko yaron shago ya karɓa. Bayan kwana biyu ya dawo da shi an sake buge shi da ƙusa, da 500 ninke a cikin takardar awo. Na ce na mene ne kuma? Ya ce, "Wai Anti ta ce na makarantar babbar ne, kuma kada a faɗa wa Oga."